Ina Tsaye a Bakin Ƙanƙarar Alƙahira

Tun da na dawo daga Masar ba a bar ni na huta ba. Matan da muke karatun hadisi tare ranar Asabar, kowace ta zo barka da dawowa sai ta gyara zama ta ce, "To Hajiya Rakiya, a ba mu labari." Na ba su labarin sanyi, na ba su na abinci, na raba musu tsarabar turare da man zaitun. Amma Hajiya Dije, wadda ba ta san a bar magana ta wuce ba, ta ga hotona a wayar autata ina zaune kan wani abu mai kama da agwagwa a tsakiyar farin fili, ta rantse sai na faɗi abin da ya kai tsohuwar hedimistires kan ƙanƙara. Na yi ta kauce mata. Yanzu na gaji da kauce-kauce, zan rubuta shi gaba ɗaya, mai dariya ya yi dariyarsa. Ni dai har yau in na tuna, kunya ce take lulluɓe ni.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba, aikena aka yi. Ɗana na fari yana Alƙahira tun yana saurayi. Ba zan rubuta sunansa ba, don bakina bai taɓa furta shi ba, zan riƙa ce masa Baban Ummi. Mu a gidanmu a Gombe ɗan fari ba na uwarsa ba ne. Ranar da aka yaye shi uwar mijina, Inna, ta goya shi ta tafi da shi ɗakinta, can ya girma. Ni Adda yake ce min, yadda ya ji ƙannena suna faɗa. In zazzaɓi ya kama shi, a bakin Inna nake jin ya kwana lafiya ko bai kwana ba. In ina da magana da shi, Inna nake gaya wa, ita ta kai. Haka muka rayu, kuma mutane suna yaba min, ana cewa Rakiya akwai kara. Bara waccan Allah ya yi wa Inna rasuwa, hanyar da ke tsakanina da shi ta toshe.

Ya gama karatunsa da daɗewa, yana koyar da baƙi Larabci, ya auri Amna, Bahaushiyar Sudan, sun haifi 'ya mace ya sa mata sunana, shi ya sa ake kiranta Ummi. Mahaifinsa, Alhaji, idonsa ya yi rauni, makarantar Islamiyyar da ya kafa a unguwarmu tana neman mai riƙe ta. Ya yi ta kiran yaron a waya ya dawo gida, amsar ɗaya ce kullum, in sha Allahu. Rannan Alhaji ya ce min, "Ke za ki je. Ba zai dubi idonki ya ce a'a ba." Na ce a raina yaron bai taɓa duban idona ba balle a kai ga a'a. Abin da ban gaya wa Alhaji ba shi ne ni makarantar ba ta dame ni ba. Ɗana nake so ya dawo, in riƙa jin gyaran muryarsa a zaure ko da ba zan leƙa ba.

Na kama hanyar Kano a motar haya da kayan miya kamar mai tashin gida: kuka, daddawa, kuɓewa busasshiya, yaji, da galan ɗin man shanu da na ɗaure bakinsa da leda har ninki ba adadi. Tsakanin Dukku da Darazo ramuka suka yi aikinsu, man ya samu kafa ya gangaro ta ƙarƙashin kujera ya jiƙe gefen babbar rigar wani dattijo da zai je ɗaurin aure Wudil. Bawan Allah bai yi faɗa ba, ya dai shinshina rigar ya ce, "Hajiya, mai kyau ne kuwa, na Fulanin daji ne." Na ba shi haƙuri har bakina ya bushe. A Kano na kwana gidan ƙanwata, ta juye sauran man a robobi ta naɗe da tsumma tana min tsiya wai Masar ba su da shanu ne.

A jirgi Allah ya haɗa ni da Hajiya Turai, 'yar kasuwa daga Fagge mai saro abayoyi. Ta san Alƙahira kamar tsakar gidanta, Larabcinta na ciniki ne, rabi baki rabi hannu, amma yana kai ta inda take so. Ita ta koya min ɗaure bel, ita ta cinye abincina da na kasa ci, ita kuma ta tsaya a bayana a layin masu duba fasfo.

Jami'in saurayi ne mai gashin baki. Ya juya fasfona ya yi tambaya, Turai ta fassara: wurin wa kika zo? Na ce wurin iyalina. Ya ce wa? Na ce yaron gidanmu. Ya ce sunansa? Nan bakina ya ɗaure. Na dubi Turai, na dubi layin da ke bayana, sunan yana nan a maƙogwarona ya ƙi fitowa. Turai ta raɗa min, "Ke Hajiya, nan ba Gombe ba ce, faɗi kawai." Na kasa. A ƙarshe na ɗora yatsa a kan takardar biza inda aka buga sunan. Jami'in ya dube ni da tausayi, ya yi magana da wani, kafin in ankara an turo keken marasa lafiya. Ashe ya ɗauka ruɗewar tsufa ce ta sa na manta sunan ɗana. Turai ta ce in hau kawai, bayani zai fi tsawo. Haka aka tura ni har wajen ɗaukar kaya, ni da nake zuwa kasuwa da ƙafata in dawo, Turai tana biye da mu tana dariya har da riƙe ciki.

A wajen tarbar baƙi na ga abin da ban saba gani ba. Ƙatti masu gemu suna rungume iyayensu mata, ana sumbatar goshi da kumatu, ana kuka da majina a bainar jama'a. Can na hango shi. Ya yi ƙiba kaɗan, furfura ta fara fito masa a gemu, abin da ba wanda ya gaya min. Ya zo ya durƙusa har ƙasa a kan tayil ya ce, "Adda, an zo lafiya?" Na kau da kai na ce, "Lafiya lau," na juya na rungume matarsa, na ɗaga Ummi na ce da ita ƙawata ta yi tsawo. Duk abin da ke cikina na sauke shi a kan su biyun. Shi kuwa ya tashi ya ɗauki akwatuna.

Suna zaune a Hayyus Sabi', unguwar da ɗalibanmu suka yi yawa har za ka ji Hausa a bakin shagon burodi. Gidan bene ne mai tsawo, nasu can sama. Na'urar da ke hawa da mutane, da an rufe ƙofarta sai ta kama karanta addu'ar hawa abin hawa da murya mai ƙarfi. Ranar farko na amsa mata da amin, Ummi ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Matan benen ba sa sauka sayen kayan miya, kwando suke zurarowa da igiya ta baranda, mai kaya ya zuba a jawo. Na ce da Amna wannan dabarar da za ta je Gombe, da yaran unguwa sun huta da aike. Sanyin garin kuwa na mugunta ne, ya fi ƙarfi a cikin ɗaki fiye da waje, tayil ɗin kamar an zuba masa ruwan randa. Da safa biyu nake kwana.

Abinci ban sha wahala ba. Da safe wake ne dafaffe da man zaitun da gurasarsu, sai wani ƙosai kore da suke kira ɗa'amiyya. Akwai koshari, wanda shinkafa ce da taliya da wake aka tara a kwano ɗaya kamar an share kicin, amma yana da daɗi. Miyar da suke alfahari da ita, mulukiyya, da aka kawo na ɗaga cokali na ce wannan ai lalo ce, mu a gida ba ma ba baƙo ita. Amna tana tuƙa asida, tuwonsu na Sudan, na kaɗa mata miyar kuka, muka haɗa. Yarinyar tana da kirki, Hausarta da ɗanɗanon Larabci, Hajja take ce min.

Matsalar gidan ƙanƙanta. A Gombe in na ji tafiyarsa sai in shige ɗaki, nan kuwa falo ɗaya ne, teburin cin abinci ɗaya, ko banɗaki za ni sai na wuce ta gabansa. Na ce a riƙa kai min abincina ɗaki. Daga can nake jiyo shi da 'yarsa. Da ya shigo zai ce, "Ina Ummina?" ta rugo ta ɗafe wuyansa, ya ce Ummi ta ci abinci, Ummi ta yi fushi da ni ne, Ummi ta yafe min. Sunana ne a kan yarinyar, kuma ina jin kowace kalma ta cikin bango.

Alhaji kuwa kullum sai ya kira. "Kin gaya masa?" In ce ban samu zama ba. Da kwanaki suka fara ƙarewa na ja Amna kicin na ce ta isar min da saƙo wurin mijinta.

Ta ajiye wuƙar da take yanka albasa ta ce, "Hajja, ma'alish, ki yi haƙuri, wannan ba zan ɗauka ba. Ga shi can a falo. Wallahi tun da kika zo yake dawowa da wuri, ya zauna yana jira ko za ki fito."

Na ce, "Ke ba ki san al'adarmu ba."

Ta ce, "Na sani, kakata ma haka take can garinmu Gadarif. Amma shi ɗin ne nake kwana da shi, na san abin da ke damunsa."

Ban sake tayar da maganar da ita ba.

Zancen ƙanƙara Ummi ce ta kawo shi. Ashe duk lokacin sanyi, wata babbar kasuwar zamani da ke can gefen gari takan shimfiɗa filin ƙanƙara a farfajiyarta, a sarari ba rufi, da injuna a ƙarƙashi suna riƙe sanyin. Da zafi ya fara leƙowa sai a kwashe komai sai wata shekara. Ummi tana zuwa koyon zamiya a wurin, kuma ranar rufewa za a yi gasar iyaye da 'ya'ya, ita da babanta sun ba da suna. Ta ce, "Habboba, lazim, dole ki zo ki gani." Habboba ita ce kaka a bakin mutanen Sudan.

Mun fara zuwa ranar gwaji, bayan la'asar. Ni ƙanƙarar da na sani ita ce wadda ake saye a leda da azumi, sai ga fili ya fi tsakar makarantarmu faɗi, fari fat, an kewaye shi da shinge iya ƙugu, ga itatuwan dabino a bayansa. Takalman da ake sawa kowanne da ƙarfe a ƙasansa kamar wuƙar mahauta. Kiɗa yana tashi, 'yan mata da hijabi suna wucewa fiu, samari suna faɗuwa ana musu ihu, iyaye a bakin shinge suna ɗaukar hoto. Wani mai amalanke yana gasa dankalin Hausa a bakin ƙofa, ƙamshinsa ya cika wurin. Sai ga Baban Ummi ya fito cikin wando da rigar sanyi, malamin da ɗalibai ke durƙusa wa, yana tafiya a kan wuƙaƙe hannu a buɗe. Bai ƙware ba, amma yana zuwa.

Ummi ta nace sai na shiga. Akwai wata kujerar roba mai siffar tsuntsu da ake zaunar da ƙananan yara a tura su, ita ce agwagwar da Hajiya Dije ta gani. Na ƙi, na ƙi, har masu kula da wurin suka sa baki suna "Yalla ya Hagga," wato taso Hajiya. Da na zo 'yar ƙofar shiga, Baban Ummi ya miƙo min hannu don in dafa. Na yi kamar ban gani ba na kama shinge. Ƙafata ta farko da ta taɓa ƙanƙarar ta tafi gabas, ta biyu ta tsaya a waje, na zauna daɓas a bakin ƙofa, zanina ya jiƙe. Amna da wata ma'aikaciya suka ɗaga ni suka ɗora a kan tsuntsun. Ummi ta tura ni muka zagaya ina salati da ƙarfi, Misirawa suna tafa min. Ba zan ɓoye ba, da iskar ta bugi fuskata na ji daɗi har na yi dariya. Shi yana biye da mu a baya, hannunsa a aljihu.

Ranar gasar wurin ya cika maƙil. An rataya tutoci, wani mai lasifika yana ta zuba kamar sanƙira. Aka fara da 'yan mata masu rawa a kan ƙanƙara, suna juyi a ƙafa ɗaya har kaina ya fara juyawa, sannan wasu samari da sanduna suka yi ta korar wani ɗan faifai baƙi suna bangazar juna. Rana ta ɗan yi zafi ranar, saman ƙanƙarar yana ƙyalli da ruwa. Ɗaliban Baban Ummi sun zo da yawa don su mara wa Ustaz baya, suka jeru a bayana bayan sun gaishe ni. A cikinsu akwai 'yan Gombe, har da ɗan wata da muke zuwa biki tare. Amna ta tafi ɗaya gefen filin inda yara ke shiri, ta bar ni kusa da 'yar ƙofar nan da na faɗi.

Kafin ta tafi ta haɗa ni da matar da ke gefena, Madam Nadiya, Bamisiriya mai jiki, sa'ata ce ko ta ɗan girme ni. Ita ma ɗanta da jikarta suna cikin gasar. Amna ta nuna mata Baban Ummi ta ce ni ce mahaifiyarsa. Matar ta dafa ƙirji ta yi ma sha Allah, ta ɓare dankalinta ta ba ni rabi. Ɗanta ya zo wucewa, ƙato mai sanƙo, ta jawo kansa ta shinge ta sumbata ta gyara masa hular sanyi. Na ce a raina wannan ko kunyar idon mutane babu.

Tsarin gasar, yaro ya zagaya filin ya taɓa hannun uba ko uwa, shi kuma babban ya zagayo ya ƙarasa. Aka busa usur. Ummi ta fita kamar an harba ta, ɗalibai suna ihu, ni ma na ji bakina yana cewa yi sauri ƙawata. Ta riga kusan kowa ta taɓa hannun babanta. Ya taso da ƙarfinsa, da saurin da ya fi ƙwarewarsa, yana son kada ya zubar mata da abin da ta tara. A kwanar da ke gabana ƙarfen ya shiga wurin da ruwa ya kwanta. Ƙafafunsa suka tashi, ya juya, goshinsa ya bugi gindin shinge. Na ji ƙarar a cikin haƙorana.

Ya kwanta bai motsa ba, kusa da ni har ina ganin tururin numfashinsa. Jini ya fara bin ƙanƙarar. Ƙofar tana nan daidai hannuna na dama, kuma wallahi ƙafata ta ɗaga. Sai na ji wani ɗalibi a bayana ya ce, "Subhanallahi, ga Hajiya ma a wurin." Ban san yadda aka yi ba, na ga hannuna yana gyara mayafi. Na juya na ce da su, "Kai samari, ku duba shi mana," da irin muryar da ake cewa akuyar maƙwabta ta shiga kwata.

Madam Nadiya ta damƙi hannuna tana girgiza ni tana ihu, "Ibnik! Ibnik!" wato ɗanki ne, ɗanki ne. Na tsaya ƙiƙam. Ta dube ni, ta ture ni gefe, ta buɗe ƙofar ta faɗa kan ƙanƙarar da takalmin gida. Ta zame ta faɗi a kan gwiwoyinta, ta ƙarasa da rarrafe, ta ɗaga kansa ta ɗora a cinyarta, ta cire mayafin ulun da ke kafaɗarta ta danne ciwon. Tana shafa masa gemu tana cewa ya ibni, ya habibi, wato ɗana, abin ƙaunata. Matar da ba ta san sunansa ba. Can ya buɗe ido. Bai dube ta ba, bai dubi ma'aikatan da suka taru ba, ya yi ta juya ido a bakin shinge har ya same ni. Na sunkuyar da kai.

Allah ya taƙaita, ba karaya, goshin ne ya tsage a saman gira. Aka kai shi wata rumfa ta masu ba da agaji aka ɗinke. Ina tsaye a waje riƙe da Ummi da ke ta kuka, sai ga Madam Nadiya ta fito tana ɗingishi, gaban rigarta duk jini. Ta tsaya a gabana ta yi magana a hankali. Amna ta ce, "Khalas, ya isa haka, mu tafi Hajja," ta ƙi fassarawa. Ummi ce ta ɗago cikin shessheƙa.

"Habboba, wai ta ce ke kika haifi Baba, ko riƙonsa aka ba ki?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce, "Ce mata ni na haife shi. Ce mata al'adarmu ce haka."

Ummi ta faɗa mata. Matar ta daɗe tana kallona, ba da fushi ba, da ma fushin ne da ya fi min sauƙi. Ta faɗi wani abu gajere, ta sumbaci kan Ummi ta tafi. Na ce me ta ce? Ummi ta ce, "Ta ce Allah ya ba Baba haƙuri."

Washegari ɗalibai suka zo dubiya. Ɗan ƙawar nan tawa ya durƙusa ya ce, "Hajiya, wallahi jiya kin burge mu. Ko gezau ba ki yi ba. Irin iyayenmu na da ke nan, yanzu babu su." Sauran suka yi ta gyaɗa kai. Shekara da shekaru irin wannan yabon nake ci nake ƙoshi, ranar kuwa ji na yi kamar an watsa min ruwan zafi. Baban Ummi yana kishingiɗe a kujera da bandeji a goshi, yana jin su.

Ranar da zan taso, da hantsi, Amna ta ce za su sauka sayo min zaitun ita da Ummi. Na san ƙarya take, kwandonta yana rataye a baranda. Suka fita suka ja ƙofa. Gidan ya yi tsit. Na fito falo na zauna a bakin kujera ina fuskantar taga. Ya sauko daga tasa kujerar ya zauna a ƙasa kusa da ƙofa.

Na ce, "Alhaji ya ce a dawo gida. Idonsa ya ƙi, makaranta ba mai riƙewa."

Ya gyara zama. Sannan ya ce, "Adda, ki yi haƙuri, zan yi tambaya ɗaya. Maganar Baba na ji ta a waya. Makaranta kuwa Sani zai iya riƙe ta, ya fi ni sanin mutanen unguwa." Sani ƙanensa ne mai bi masa. Ya ƙara da cewa, "Nan ina da aiki, Ummi tana makaranta, Amna danginta suna kusa. Duk zan iya bari. Ke nake so in ji. Ke kina so in dawo?"

Na juyo ban shirya ba, muka haɗa ido. Ban taɓa ganin idonsa kusa haka ba tun yana shan nono. Irin na mahaifina ne, ban sani ba sai ranar. Gefen bandejin ya ɗan ɗago, hannuna yana ƙaiƙayin ya gyara shi. Babu ɗalibi a ɗakin, babu Inna, babu 'yar Gombe ko ɗaya da za ta kai labari. Amsar tana bakina a shirye.

Na mai da kaina taga na ce, "Ni mene ne nawa a ciki? Saƙon mahaifinka ne aka ba ni na kawo."

Ya ce, "To, Adda. Tamam, shi ke nan."

Ya tashi ya shiga ɗakina, na jiyo shi yana jan zif ɗin akwatina yana ɗaure shi da igiya. A filin jirgi ya durƙusa ya ce Allah ya kiyaye hanya, a gaida Baba. Ummi ce ta yi kuka.

Na iso Gombe da yamma. Alhaji yana zaune a kan darduma a ƙofar ɗakinsa, ko mayafi ban cire ba ya ce, "Yaya, me ya ce?"

Na ce, "Tambayata ya yi ko ni ina so ya dawo."

Alhaji ya yi dariya ya ce, "Ji yaro da neman magana. Kika ce masa me?"

"Na ce saƙonka ne."

Ya ce, "Kin yi daidai. Da me za ki ce?"

Na wuce ɗaki. Na san abin da zan ce. Na faɗe shi a cikin jirgi, na faɗe shi a mota, ina faɗarsa kullum in na idar da sallah. Shi kaɗai ne bai ji ba.